Shin Linux za ta iya maye gurbin Windows a kwamfutar aikin yau da kullum?

Malam Ibrahim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana kwamfuta na cikinmu. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina turo wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Ita kuma Windows 11 tana da sharuɗɗanta: sai kwamfuta tana da guntun tsaron nan TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel yawanci sai firosesa daga zubi na takwas zuwa sama. Ke nan akwai kwamfutoci da yawa da lafiyarsu ƙalau amma sun tsaya a tsakiya, ba gaba ba baya. Na ga mutane suna ta cewa a koma Linux, wato babbar manhajar nan ta kyauta da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. To da gaske za ta iya tsaya wa mutum a madadin Windows ko macOS, ko dai abin na masu rubuta manhaja ne kawai? Gaskiyar magana nake so, don Allah.

Nura:
Wa alaikumus salam Malam. Za ta iya mana, ai ta ma riga ta yi. Kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, tun Nuwamban 2017 dukkansu Linux suke amfani da ita, babu ko ɗaya da ta fita. Mafi yawan sabobin da ke riƙe da shafukan intanet ita ce a kansu. Wayar Android da ke hannunka ma a kan zuciyar Linux aka gina ta. Abin da ɗalibi ɗaya, Linus Torvalds, ya fara a Jami'ar Helsinki a 1991, yau shi ke ɗauke da duniya. Kuma kyauta ce, ba lasisi, ba neman satacciyar Windows mai ɗauke da bairos.

Hadiza:
Nura, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ba shi Malam ya tambaya ba. Waɗancan manyan kwamfutocin babu wanda ke buɗe takardar Word a kansu, kuma injiniyoyi ne ke kwana suna tashi da su. Maganar kwamfutar tebur da laftof ake yi. A nan, ƙididdigar StatCounter, shafin da ke auna abin da masu shiga intanet ke amfani da shi, ta nuna sai a 2024 Linux ta haye kashi 4 cikin ɗari, Windows kuwa tana wajen kashi 70. Fiye da shekara talatin ke nan ana abu ɗaya.

Misalin Android ɗin ma ni yake goya wa baya. Wa ya taɓa sayen waya babu komai a ciki, sannan ya zauna ya ɗora mata Android? Da ita ta zo. Haka Windows take zuwa a cikin laftof tun daga masana'anta. Yawancin mutane ba su taɓa zaɓar babbar manhajar kwamfutarsu ba, abin da suka tarar suke amfani da shi har kwamfutar ta mutu.

Injiniya Bala:
Malam Ibrahim, barka da wannan tambaya. Ni aikina ke nan, kula da kwamfutocin ma'aikata, kuma ina amfani da duka biyun. Abin da nake fara gaya wa duk wanda ya zo min da wannan maganar shi ne, ka manta da sunan Windows da Linux tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta manhajojin da kake buɗewa a mako. Amsarka tana cikin takardar nan.

Idan abin da ka rubuta burauza ce, imel, kallon bidiyo, taron Zoom, rubuta wasiƙa, ɗan lissafi a jadawali, to wallahi Linux ta ishe ka har da saura. Firefox da Chrome duk suna aiki a kanta kamar yadda ka saba, Zoom yana da nasa na Linux, VLC na nan. Tsohuwar laftof mai RAM gigabayit 4 da ke nishi da Windows 10 za ka ga ta sami sauƙi, musamman idan ka sa mata fuska marar nauyi irin Xfce.

Amma idan a takardar akwai Photoshop, ko AutoCAD, ko Excel mai cike da makiro, wato ƙananan umarni masu yin aiki da kansu, da aka rubuta da yaren VBA na Microsoft, ko wata manhajar lissafin kuɗi da ofishinku ya saya shekaru da suka wuce, to tsaya. Adobe bai fitar da Photoshop na Linux ba, Autodesk bai fitar da AutoCAD ba, Microsoft Office kuma sai dai na cikin burauza, wanda bai kai na kwamfuta ba. Duk wanda ya ce maka wannan ba matsala ba ce, bai taɓa zama da akanta a ƙarshen wata ba.

Nura:
Injiniya ai duk suna da madadi. LibreOffice a madadin Office, GIMP da Krita a madadin Photoshop, Inkscape a madadin Illustrator. Blender kuwa ba ma madadi ba ce, ita ce kan gaba: fim ɗin zane na ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025 da ita aka yi shi. DaVinci Resolve na tace bidiyo yana da na Linux. Abin da ya rage kuma akwai Wine, manhajar da ke sa wasu manhajojin Windows su yi aiki a Linux.

Ummi:
Yaya Nura bari in shigo nan, don zane shi ne sana'ata. Blender da Krita babu abin da zan ce, manhajoji ne na gaske. GIMP ma ta ci gaba sosai da fitowar 3.0 a Maris 2025, yanzu kana iya sa wa hoto tasiri ka dawo ka gyara ba tare da ka lalata asalin ba. Sai dai matsalar ba ta iya manhajar ba ce. Ba ni kaɗai nake aiki ba. Mai aiki zai turo min fayil ɗin PSD, wato na Photoshop, mai shimfiɗa a kan shimfiɗa, da rubutun da yake so ya ci gaba da gyarawa, in gama in mayar masa, shi kuma ya tura wa maɗaba'a. Idan fayil ɗin ya ratsa ta wata manhaja daban, wani abu yakan sauya a hanya, ko rubutu ya daskare ya zama hoto, ko inuwa ta ɓace. Ba zan iya ce wa mai aiki ya sauya manhajarsa saboda ni ba. Ga kuma hannu da ya saba. Yatsuna sun san inda kowane maɓalli yake ba tare da na duba ba, kuma wannan sabon shi ne saurin da nake cin abinci da shi.

Injiniya Bala:
Ummi ta taɓo inda gizo ke saƙar. Mutum ba shi kaɗai yake da fayilolinsa ba.

Bari in nuna muku yadda abin yake a takardun ofis, don a nan aka fi kuka. Wani ya rubuta rahoto a Word da haruffan Calibri, ya turo maka. Ka buɗe a LibreOffice, sai ka ga shafi goma ya zama sha ɗaya, jadawalin da ke ƙasan shafi na uku ya tsallaka na huɗu, wurin sa hannu ya gudu. Mutum sai ya ce manhajar ba ta da kyau. Sau da yawa dalilin ƙarami ne: Calibri mallakar Microsoft ce, babu ita a kwamfutarka, sai aka sauya ta da wasu haruffan da faɗinsu ya bambanta, layuka suka karye a wani wuri daban. Maganinsa shi ne ka saka Carlito, wadda aka zana kowane harafinta da faɗi daidai da na Calibri, da Caladea a madadin Cambria. Haruffan Liberation kuma su ne daidai da Arial da Times New Roman. Da ka yi haka, mafi yawan takardu za su zauna daram. Wanda ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne makiro masu sarƙaƙiya, da takardun da aka cusa wa akwatunan rubutu da zane-zane birjik.

To ka ga, gyara ne na minti kaɗan, amma sai wanda ya sani. Abin da Linux ta fi rasawa a kwamfutar tebur ke nan, mutumin da ke kusa da kai wanda ya sani. Idan Windows ta ba ka matsala, duk inda ka juya akwai mai duba maka.

Hadiza:
Kuma ai an gwada a babban mataki an gani. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux tun 2003, suka yi tasu mai suna LiMux, suka ɗauki kusan shekara goma suna ƙaura, kwamfutoci wajen 15,000. A 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Idan birni mai kuɗi da injiniyoyi irin wannan ya juya baya, ina ga ƙaramin ofis?

Nura:
Anti Hadiza wannan siyasa ce zalla. Shugabancin birnin ne ya sauya, kuma a 2016 Microsoft ya mayar da hedikwatarsa ta Jamus cikin Munik. Kowa ya haɗa lissafin da kansa. A 2020 ma sabuwar gwamnatin haɗakar birnin ta sake cewa za ta fifita buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa zai iya karanta lambobin da aka rubuta su da su ya kuma gyara.

Injiniya Bala:
Nura, a yi hattara da wannan. Ƙaurar hedikwatar ta faru, amma faruwar abu biyu kusa da juna ba hujja ba ce cewa ɗaya ne ya jawo ɗayan. Akwai siyasa, akwai kuma koke-koken ma'aikata na gaske, musamman kan musayar takardu da sauran hukumomin da duk Office suke amfani da shi, da manhajoji na musamman da Windows kaɗai suka sani, har ya zama dole a riƙe tsari biyu a lokaci guda.

Ni misalin da na fi so a duba shi ne na jandarmomin Faransa. Su ba su fara da cire Windows ba. Wajen 2005 suka fara sauya Office da OpenOffice, alhali kwamfutocin na kan Windows. Sannan suka kawo Firefox da manhajar imel ta Thunderbird. Sai da ma'aikata suka saba da waɗannan, kuma aka mayar da manhajojin aikinsu su riƙa buɗewa ta burauza, sannan daga 2008 aka fara sauya babbar manhajar da wani nau'in Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, da suka kira GendBuntu. Ranar da aka sauya wa jandarma kwamfuta, abin da ya tarar a ciki duk ya riga ya san shi. Yau dubun-dubatar kwamfutocinsu a kai suke. Kamar mai ƙaura ne da ya fara kwashe kaya kaɗan-kaɗan zuwa sabon gida, ranar tashi sai ya ɗauki jikinsa kawai.

Jihar Schleswig-Holstein a arewacin Jamus ma wannan hanyar ta bi. A 2024 ta sanar da mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000, kuma da LibreOffice ta fara kafin Linux. Dalilin da suka bayar ba kuɗin lasisi kaɗai ba ne, sun ce suna so bayanan 'yan ƙasa da tsarin aikin gwamnati su kasance a hannunsu, kada wani kamfani na waje ya riƙa yanke musu lokacin da za su sauya da abin da za su biya. A jihar Kerala ta Indiya kuwa makarantun gwamnati sun daɗe suna koyar da yara a kan Linux. Yaron da ya tashi da ita ba ya jin baƙuncinta.

Sadiq:
Salam. Ni dai ɓangaren gem zan yi magana. Da can idan ka ce Linux an gama magana, babu wasa. Yanzu kamfanin Valve ya canza labarin. A 2018 suka fito da Proton, wanda ke sa wasannin Windows su yi aiki a Linux, a 2022 kuma suka fitar da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu da ke kan SteamOS, wadda aka gina a kan Arch Linux. Dubban wasanni suna tafiya lafiya. Inda ake cijewa shi ne wasannin gasa masu manhajar hana maguɗi da ke shiga can cikin tsarin kwamfuta. Valorant ba ya yi, Fortnite ma haka. Idan su ne wasanninka, kada ma ka fara.

Hadiza:
Sadiq ka ƙara min hujja. Mutanen da suka sayi Steam Deck da yawansu ba su damu da mene ne a ciki ba. Kamfani ne ya haɗa na'ura, ya zaɓi abu ɗaya, ya biya injiniyoyi suka goge shi, ya sayar da shi a shirye. Haka Chromebook, ita ma zuciyar Linux ce a ciki. Duk inda Linux ta shiga hannun jama'a, wani ne ya ɗauke musu wahalar. Dell da Lenovo suna sayar da wasu laftof da Ubuntu a ciki, amma sai ka nema da gangan, ba su ne ake jerawa a gaba ba.

Malam Yakubu:
Assalamu alaikum. Ina bin muhawarar nan da manhajar karanta allo, domin ni makaho ne, kuma ina so a sa mu cikin lissafi. A Windows muna da NVDA, wadda ita kanta buɗaɗɗiya ce kuma kyauta, amma a Windows kaɗai take aiki. Akwai JAWS ta kuɗi. Masu Mac suna da VoiceOver. A Linux akwai Orca, kuma masu aikinta suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Sai dai ingancinta ya danganta da fuskar da ka zaɓa da manhajar da ka buɗe, wata za ta karanta maka komai, wata ta yi shiru a kan maɓallin da kake nema. Sauyin da ake yi daga tsohon tsarin nuni na X11 zuwa Wayland ma ya taɓa kayan aikin irinmu. Mai gani idan abu ya tsaya zai duba allo ya nemi mafita. Ni idan murya ta ɗauke, kwamfutar gaba ɗaya ta tafi. Don haka idan wata hukuma za ta sauya, ta tambayi ma'aikatanta masu buƙata ta musamman tun kafin ta yanke hukunci.

Injiniya Bala:
Malam Yakubu, Allah ya ƙara lafiya. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba kasafai ake kawo ta ba.

Nura:
Na karɓi wannan, Malam Yakubu. Amma a tsaro fa? Ku tuna bairos ɗin WannaCry da ya afka wa kwamfutocin Windows a Mayun 2017, yadda ta tsayar da asibitoci a Ingila. Ku tuna 19 ga Yulin 2024, kwamfutocin Windows miliyan 8.5 suka faɗi rana ɗaya, jirage suka kasa tashi. A Linux kowa na iya karanta lambobin da aka rubuta manhajar da su, babu abin da za a ɓoye.

Injiniya Bala:
Na Yulin 2024 gurɓataccen sabuntawa ne daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, ba daga Microsoft ya fito ba, a faɗi gaskiya. Batun kowa na iya karantawa kuma, haka ne, amma iya karantawa daban, a zauna a karanta daban. A Maris 2024 aka gano wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wani ne ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka yarda da shi, domin mai kula da ita ɗan sa-kai ne da aiki ya yi wa yawa, sannan ya dasa abinsa. Wanda ya gano, Andres Freund, injiniya ne a Microsoft, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne ya ga shiga wata kwamfuta ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata. Ya bi diddigi har ya kai ga tushen, aka toshe kafin abin ya isa ga yawancin mutane.

Abin ya ba ni tsoro, ya kuma ƙara min yarda da buɗaɗɗen tsari a lokaci guda. Tsoro, domin abu mai muhimmanci haka yana wuyan mutum ɗaya da ba a biyansa. Yarda, domin da a rufe lambobin suke, Freund zai ga jinkirin amma ba shi da inda zai leƙa.

Ga mai amfani na gida dai, Linux ta fi kwanciyar hankali ta wannan fuska: manhajoji daga rumbun da aka tantance kake saukewa, ba daga kowane shafi ba, kuma masu rubuta bairos sun fi bin inda jama'a suka fi yawa. Amma saƙon yaudara da ke neman kalmar sirrinka bai damu da wace manhaja kake kai ba.

Malam Ibrahim:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Na yi abin da Injiniya ya ce, na rubuta nawa: burauza, Word, PowerPoint don darasi, Zoom, sai firinta. Babu Photoshop babu gem. Amma da na je dubawa sai na ga sunaye barkatai, Ubuntu, Mint, Fedora, Debian, Arch. Wacce ce Linux ɗin a ciki?

Hadiza:
Malam ka ga irin abin da nake faɗa. Tun kafin mutum ya fara an ɗora masa zaɓin da bai san kansa ba. Masu rubuta manhaja ma wannan na damun su, domin kowace da irin ƙunshin da ake shirya mata manhaja a ciki, wannan na son deb, wancan rpm, ga Snap ga Flatpak.

Nura:
Flatpak ai ta rage wannan sosai, manhaja ɗaya ta yi aiki a kusan dukkansu. Kuma yawan zaɓin shi ne 'yancin. Tun da Richard Stallman ya fara aikin GNU na samar da manhaja mai 'yanci a 1983 manufar ke nan, lasisin GPL ya ba ka damar karantawa, gyarawa, da rabawa. Idan masu wata Linux suka ɗauki hanyar da ba ta yi wa jama'a ba, wasu za su ɗauki lambobin su ci gaba. Haka LibreOffice ta fito daga OpenOffice a 2010. Wanda ke kan Windows 10 yau ba shi da wannan damar, sai abin da aka yanke masa.

Injiniya Bala:
Malam, dukkansu Linux ne, zuciya ɗaya ce, kayan da aka jera a kai ne suka bambanta. Kada ka wahalar da kanka, ɗauki Linux Mint mai fuskar Cinnamon. An gina ta a kan Ubuntu, maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda ka saba, kuma LibreOffice na ciki tun daga farko. Arch ka bar wa su Sadiq.

Kuma ba sai ka goge komai ba kafin ka gani. Sauke fayil ɗin daga shafinsu na asali, ka rubuta shi a filashi mai gigabayit 8 da manhaja irin Rufus ko balenaEtcher, ka kunna kwamfutar daga filashin. Za ta tashi cikakkiya ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba. A nan sai ka gwada komai da hannunka: waya-fai ya kama? Sauti na fita? Kyamara da makirfo suna aiki? Rufe murfin laftof ɗin ka buɗe, ka ga ko ta farka. Jona firintar ka buga shafi ɗaya. Yawancin firintocin zamani masu haɗuwa ta waya-fai tana ganinsu da kanta ba tare da direba ba, tsofaffi ne wani lokaci ke ba da wuya, musamman ɓangaren sikana. Sannan ka buɗe darasinka na PowerPoint mafi nauyi, mai hotuna da motsi, ka bi shi shafi-shafi. Gani ya kori ji.

Ko kuma ka bi hanyar jandarmomin: saka LibreOffice a Windows ɗinka yau, ka yi aikinka da ita na ɗan lokaci. Idan ta ɗauke ka, sauran mai sauƙi ne.

Hadiza:
Da wannan na yarda, ga irin aikin Malam za ta yi. Inda nake nan daram shi ne maganar maye gurbi gaba ɗaya. Muddin laftof na zuwa da Windows daga masana'anta, kuma takardun ofisoshi na yawo a docx, wato tsarin fayil na Word, mutum ɗaya-ɗaya ne za su riƙa ƙaura, sai hukumomin da suka shirya kashe kuɗi a horar da ma'aikata.

Malam Ibrahim:
Zan gwada ta filashin in sha Allah. Idan na ga ta yi, zan iya ajiye su biyun a kwamfuta ɗaya?

Injiniya Bala:
Za ka iya, lokacin sakawa za ta tambaye ka ko ta zauna gefen Windows, kuma duk sanda ka kunna sai ka zaɓi wadda za ka shiga. Amma kafin nan ka kwashe duk fayilolinka zuwa wata ma'ajiya ta waje, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar sun kwafu da kyau. Ka duba ko BitLocker, tsarin da Windows ke kulle ma'ajiyar kwamfuta da shi, a kunne yake. Idan a kunne yake, ka nemo mabuɗin farfaɗowarsa mai lamba 48 ka rubuta a takarda, domin sauya tsarin tashin kwamfuta na iya sa Windows ta nemi shi. Ka kuma kashe saurin tashi na Windows a saitin wuta, in ba haka ba Linux ba za ta iya rubutu a ɓangaren da fayilolinka suke ba. Idan ka zo wurin raba ma'ajiya ka ga abin da ba ka gane ba, ɗauki hoton allon ka turo nan kafin ka danna komai.